Injin yankan itace na fetur ba kayan gida ba ne

Tun da aka fara tallar ƙaramin injin yankan itace mai batir a Facebook, wasu 'yan uwa a nan Dirin Daji suka mai da shi abin dariya. Wai kayan wasan yara ne, wai namiji sai na fetur, wanda in ya yi ruri har Sakaba sai an ji. To ni dai ban yarda ba.

Don Allah wane aiki ne a gida? Reshen mangwaro ya hau kwano, dalbejiya ta tokare katanga, sai itacen girki. Duk wannan mai batir zai yi. Ba ruwansa da haɗin fetur da baƙin mai, ba filogi, ba kabireta da za ta toshe in ya yi wata uku a ajiye, ba jan igiya har kafaɗa ta sage.

Za ku ce ina wutar? Gaskiyarku. Wanda ake jonawa a soket kam ku manta da shi, don madatsar Kainji na kusa da mu tun 1968, amma wuta sai ta ga dama. Batir kuwa, solar da kake kunna fanka da ita ta isa ta cika shi. Shi fetur ɗin kyauta ake ba ku? Tun 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya cire tallafi, litar da ba ta kai naira 200 ba sai da ta haura 1,000 a 2024.

Amma ba kuɗin mai ne ya fi damuna ba. Wanda ya zuba maƙudan kuɗi ya sayi ƙaton inji irin Stihl 070 "don gida", wallahi ba zai bar shi a ɗaki ba. Dole ya nemi mai da kuɗinsa, ya ba ofareta haya, ofareta kuma ya bi masu gawayi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kuma yanzu da 'yan bindiga suka hana shiga daji mai nisa, itatuwan gonaki da na bakin gari ake kwantarwa. Kaɗanya sai ta shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, inji kuwa mintuna kaɗan ya gama da ita. Matar da ke tsintar kaɗe ta sai wa 'ya'yanta sabulu da littafi, wa ya shawarce ta? Ɗorawa in ta faɗi, ina kalwar daddawa? Mun manta yadda aka dinga lodin madobiya daga Najeriya zuwa ƙasar Sin, har aka dakatar da cinikin a 2018?

Na sani, mai batir cajinsa na saurin ƙarewa, kuma ba ya tsaga katako. Ni wannan ne ma ya sa nake son sa: ƙarfinsa iya aikin gida ne. Wanda katako ne sana'arsa ya sayi na fetur, ya nemi izinin ma'aikatan gandun daji, ya kuma dasa madadin abin da ya sare.

Hakimai da masu unguwanni, ku san wa ke da inji a ƙasarku da inda yake kwana. Mu kuma magidanta, in ba halin mai batir, gatari bai mutu ba.

Allah ya sa mu gane. Masu injin fetur, bismillah, ina sauraronku.