Ra'ayi: Shirun ƴan Nijar a tarukan da ake yi da Ingilishi yana cin kuɗi

Kundin sake gina ƙasa da aka fitar a ƙarshen watan Maris na 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi tare da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Abin da kundin ya rubuta, kasuwa ta daɗe da saninsa. Matatar man SORAZ ta Damagaram tana aiki da kamfanin CNPC na ƙasar Sin tun 2011. Layin dogon da zai taso daga Kano ya bi ta Katsina da Jibiya ya iso Maradi aikin gwamnatin Najeriya ne. Albasar Galmi kuwa har Accra ake kai ta. Duk inda ɗan Nijar ya zauna da Basine ko Baturke ko Ba'indiye, sau da yawa Ingilishi ne ke haɗa su.

To amma a irin waɗannan tarukan akwai abin da ke maimaita kansa. Matashin injiniya ko mai lissafin kuɗi, wanda ya fi kowa sanin hanya da farashi da halin mutanen wurin, zai zauna awa biyu yana gyaɗa kai. Yana da ja a kan wani adadi, yana ta harhaɗa jimlar a zuciya, kafin ya gama an wuce zuwa batu na gaba. Sai an fito, a bakin mota, zai faɗa wa abokinsa da Hausa cewa lissafin nan ba zai yiwu ba. A lokacin an riga an rubuta takardar bayan taro, wadda ake kira PV, kuma a cikinta wanda bai yi magana ba ya amince ke nan.

Ba jahilci ba ne. Ɗalibin Nijar yana karanta Ingilishi tun daga siziyam har zuwa BAC, shekara 7 ke nan. Matsalar ita ce lakwal ta koya masa tsoron kuskure fiye da yadda ta koya masa magana. Wanda aka rene shi da dikte, kowane harafi da ya kauce a zabge masa maki, ba zai so buɗe baki da jimlar da bai tabbata da ita ba. Ga kuma tarbiyyar gida, wadda ta hana yaro katse babba. Hali ne mai kyau, sai dai a taron kamfani ba kasafai ake juyowa a ce "wane, kai fa me ka gani?" ba. Dillalin albasa da bai taɓa shiga aji ba yana cinikin buhu ɗari da gutsattsarin Ingilishi a Ghana, ya dawo da ribarsa, saboda shi ba maki ya je nema ba.

Kuskuren nahawu ba ya karya kwangila. Abin da ke karya ta kalmomi ne ƙalilan da adadi, kuma nan ya kamata mai koyo ya zuba ƙarfinsa. Kalmar délai a Faransanci wa'adi take nufi, amma delay a Ingilishi jinkiri ce. Demander roƙo ne ko tambaya, demand kuwa nema ne da ƙarfi, har abokin ciniki ya ji kamar ana ba shi umarni. Mai cewa éventuellement yana nufin "wataƙila", alhali wanda ya ji eventually ya ɗauka an yi masa alkawarin abin zai faru ko ba jima ko ba daɗe. A rubutun adadi ma haka: 1.500 a takardar Faransanci dubu da ɗari biyar ne, a ta Ingilishi ɗaya da rabi. Billion na Ingilishi shi ne milliard na Faransanci. Wanda ya ji adadi bai tabbata ba, ya tsayar da taro ya ce a rubuta masa shi a allo. Babu mai hankalin da zai raina shi don haka.

Sauran dabarar ba ta da wuya. A nemi ajandar taro tun da kwana ɗaya, a rubuta magana biyu ko uku da ake son faɗa, gajeru, kowace da adadinta. A yi magana cikin mintocin farko, ko da tambaya ce, domin wanda aka ji muryarsa da wuri ana juyowa gare shi daga baya. Idan maganar ba ta fita daidai ba, a tura ta a rubuce ta imel ko WhatsApp a ranar, kafin a sa hannu kan PV.

Nauyin kuma ba na mai koyo ne shi kaɗai ba. Shugaban kamfanin da ya ɗauki ƙwararre da albashi, sannan ya bar shi bebe a wajen taro don kada a ce tawagarsa ta zo da tafinta, kuɗinsa yake zubarwa. Manyan ƙasashe da ke da masu jin Ingilishi ba adadi suna zuwa da tafintoci wajen sa hannu kan yarjejeniya.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne zaman ƴan kasuwar Maradi da na Katsina ko Kano, inda wani lokaci ake ta fama da Ingilishi da Faransanci alhali kowa a ɗakin da Hausa ya tashi. A yi cinikin da Hausa, a rubuta kwangilar da harsunan biyu. Ko a nan ma a rubuta adadin a takarda da sunan kuɗin, domin in Bamaraɗe ya ce ɗari, dala ɗari yake nufi, wato sefa 500, Bakano kuwa naira 100 ya ji.