Iskar taya a gajeren tsere: ka daina kwafar lambar wani

Akwai maganar da ake yawan yi tsakanin masu sha'awar tseren mota: wai "ka rage iska, taya za ta kama ƙasa." Ni dai a ganina wannan rabin gaskiya ce, kuma tana iya jawo wa mutum asarar taya, ko ma abin da ya fi haka.

Ga dalili. Idan taya ta yi zafi, iskar cikinta tana ƙaruwa, kusan PSI 1 a duk ƙarin zafi na digiri 5 zuwa 6. Mai dogon tsere yana farawa da iska ƙasa-ƙasa, don ya san zagaye bayan zagaye zafi zai cike masa giɓin. Gajeren tsere ba haka yake ba. Tseren miƙe na kwatan mil mita 402 ne kacal. Hawan tudun Shelsley Walsh a Ingila, da ake yi tun 1905, mita 914 ne. Kafin taya ta ɗumama sosai an gama. Ke nan kusan iskar da ka tashi da ita, da ita za ka ƙare. Sai ka saita ta kusa da inda kake so tun daga layin farawa.

To a rage ne ko a ƙara? Ya danganta da irin filin.

Idan miƙe ne babu kwana, ana ɗan rage iskar tayoyin da injin ke juyawa don su shimfiɗu a kan kwalta lokacin tashi. Ka lura, a motoci irin su Golf da Civic na gaba ne, ba na baya ba. Sauran biyun kuma a bar su da ƙarfinsu don su mirgina da sauƙi. Amma kar ka ga motocin Top Fuel na Amurka suna tashi da iska ƙasa da PSI 10 ka ce za ka gwada. Tayoyinsu na musamman ne, an ƙera gefensu don ya lanƙwashe. Tayar titi kuwa idan iska ta yi mata ƙaranci, tsakiyarta lotsawa take yi ciki, kamun ma ya ragu.

Idan kuma akwai kwana, sau da yawa ƙari ake yi. Taya mai laushi tana kwantawa a kan gefenta, sitiyari ya yi nauyi, in abin ya yi muni ta zame daga wili gaba ɗaya.

Yadda za ka gano taka lambar:

1. Fara da lambar da ke manne a bakin ƙofar direba. Wadda ke jikin taya iyaka ce, ba abin saitawa ba.
2. Sayi gejinka na kanka, ka riƙa auna da shi kaɗai. Na mai faci da naka ba lallai su zo ɗaya ba.
3. Ja layin alli daga kafaɗar taya zuwa gefenta. Bayan gudu, in allin ya goge har gefe, ƙara iska. In kafaɗar ma ba ta taɓu ba, rage.
4. Canza PSI 1 ko 2 kawai a lokaci guda, ka rubuta tare da sakanninka.
5. Sake aunawa kafin kowane gudu. Ɓangaren da rana ke duka zai fi na inuwa iska, motar sai ta riƙa ja gefe guda.

Wani zai ce wannan ɓata lokaci ne, tunda abokinsa ya riga ya ba shi lamba. To ai nauyin motarsa daban, tayarsa daban, kwaltar da ya gwada ma daban. Wanda ya hau motar kwaɗayi dai an san tashar da take sauke shi.

Abu biyu na ƙarshe. Duk wannan a rufaffen filin tsere ake yi, ba a titin da yara ke tsallakawa zuwa makaranta ba. Sannan kafin ka kama hanyar gida, ka mayar da iska yadda kamfani ya rubuta. Taya mai ƙarancin iska a doguwar hanya cikin zafin rana, fashewa take yi.