Wa ke raɗa wa yaron Zango sunan ɗan iska?

A watan Yulin 2018 'yan sanda suka harbe samari bakwai 'yan Zangon Asawase na Kumasi a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne. Kwamitin da gwamnati ta kafa bai samu hujjar fashi ba. Aka dakatar da 'yan sanda 21, aka biya kowane gida diyyar sidi 250,000. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne saurin da mutanen Kumasi da dama suka gaskata maganar farko. An ce 'yan Zango ne, shi ke nan, babu sauran tambaya.

Masanin zamantakewa Howard Becker na Amurka ya bayyana wannan a littafinsa Outsiders na 1963: jama'a ne ke kafa ƙa'ida, su ne kuma ke zaɓar wanda za su liƙa wa sunan mai karya ta. Aiki ɗaya, mutum biyu, hukunci daban. Yaron Ahodwo, unguwar masu hali, ya yi faɗa, a ce ƙuruciya ce. Na Zangon Aboabo ya yi, a ce halinsu ne.

To amma kada mu cika nuna wa wasu yatsa, don laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yarinya ta fita ba mayafi, kafin la'asar unguwa ta gama yanke mata hukunci. Bazawara ta kama ɗaki ita kaɗai, tana sayar da koko da ƙosai tana biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta, mun sa mata suna, kuma kowa ya san sunan da nake nufi. Shi kuwa ƙaton da 'yan siyasa ke haya lokacin zaɓe ya razana mutane, in ya dawo da sabon babur, tashi ake yi a majalisar shayi a ba shi benci. Wani ma har Alhaji ake ce masa, ko filin jirgi bai taɓa takawa ba.

Majalisar dokokin Gana ta haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa a 2019. Doka ta yi nata. Ina so in ji limamanmu da fadar Sarkin Zango sun ambaci wannan sana'a a huɗuba da wajen ɗaurin aure, da zafin muryar da ake yi wa 'yan mata wa'azin sutura, ko da mai sana'ar yana zaune a sahun gaba.