WA ZAI BIYA MU RUWAN MARIGA?

Jama'a, tun watan Nuwamba na 1924 ba mu ce ba, na 2024 muke nufi, sa'ad da aka yi sulhu aka buɗe karar shanu ta Birnin Gwari, manya sai tafi suke yi wai hanya ta buɗe. Mu ma mun gode Allah. Amma fa ku tsaya bakin hanyar Kaduna ku duba abin da manyan motoci ke fita da shi: buhunan gawayi da katako, an ɗaure har sama. To, mu a wurinmu ba itace kaɗai ake fitarwa ba, ruwan shanmu ne ake lodawa.

Ga yadda abin yake. Ƙasarmu kamar rufin soro ce mai indararo ɗaya. Ruwan da ya zuba a tudu sai ya gangara cikin ƙorama, ƙorama ta kai wa rafi, rafi ya kai wa Mariga, ita kuwa Mariga ta zuba cikin kogin Kaduna, Kaduna ta kai wa Kwara. Watau wanda ya ɓata tudu ya ɓata wa na kwari tulunsa, ko da bai san shi ba. Inda doka da kirya da kaɗanya ke tsaye, ganye shi ke karya ƙarfin ruwan sama, busasshen ganye da saiwa su riƙe shi har ya nutse ƙasa, sa'an nan ya riƙa tsatsowa kaɗan kaɗan cikin rijiya da fadama har bazara. In aka sare su, ruwa sai ya wuce a guje rana ɗaya, ya kwashe ƙasar gona, ya zubar da yashi a fadama, ya cika madatsar Bagoma da laka. Da rani kuwa sai guga ya dawo da taɓo.

Ba yau aka san wannan ba. Tun 1936, zamanin En'e, aka keɓe dajin Kamuku, a 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun ƙasa. Doka tana nan a takarda. Amma a kan wa take faɗawa? A kan tsohuwa mai ɗaurin makamashi da yaro mai gatari. Mai mota goma kuwa, da ba ya shan ruwan rafinmu, sai a ɗaga masa hannu ya wuce. Kaico!

Sai maganar zinariya. Ba mu ce kowa ya bar haƙa ba, mun san yunwa. Amma a 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, a 2015 kuma ta kashe wasu a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, nan kusa da mu. Masu sayen zinariyar ba su binne ɗa ko ɗaya ba.

Za a ce mana ai talaka ne ke ƙona gawayin. Gaskiya ne, shi ke shan hayaƙi, ya sayar da buhu a arha, riba ta tafi birni, rijiyar da ta ƙafe kuwa ta zama tasa. Don haka gyaran ma daga wurinmu zai fara. Kowane ƙauye ya yi shawara da mai unguwa a bar itatuwan bakin rafi, kada garma ta kai gaɓa. Kada a sare kaɗanya da ɗorawa, gama man kaɗe da daddawa su ne jarin matanmu. Masu wankin zinariya su haƙa nasu rami nesa da mashaya, kada a niƙa dutse a tsakar gida. Mahauta da masu sayar da maganin feshi su daina zuba ƙazanta da wanke gwangwani cikin ƙorama.

Ku kuma 'yan kasuwa, ranar kasuwa mai zuwa ku tara shugabanninku ku rubuta wa Ƙaramar Hukuma takarda: a kafa a fili, inda kowa zai karanta, yawan motocin gawayi da katako da aka ba izini, da kuɗin da aka karɓa, da yawan itatuwan da aka dasa da su. Wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa.