Annabiya Hulda da Matan Ikilisiya

Tun da mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, mata ne ginshiƙin ikilisiyoyin Nijar. Ƴan Zumuntar Mata ke rera waƙoƙi, su ke gaida marasa lafiya, su ke girkin taro. Amma in an zauna shawara, galibi kujerun na maza ne.

Littafi Mai Tsarki kuwa ya ba su matsayin da ya fi haka. Wajen shekara ta 622 kafin haihuwar Almasihu, aka tsinci littafin Shari'a a Haikalin Urushalima. Sarki Yosiya ya kyakketa tufafinsa don tsoro, ya aiki babban firist Hilkiya wurin annabiya Hulda, alhali annabi Irmiya na raye. Bayan amsarta ne sarki ya tara jama'a, aka kawar da gumaka. Kafin ita, Debora ta yi shari'a a gindin dabino.

Ikilisiya mai mabiya kaɗan, irin ta Gure, ba ta da halin barin rabin baiwarta a madafa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wajibi ne fastoci su tura mata makarantar Littafi Mai Tsarki, su kuma ba su kujera a majalisar dattawa.