DARIYAR AJIN TURANCI BA TA BANZA BA CE

Duk malamin da ya taɓa riƙe alli a ajin Turanci a makarantun firamare na Dutsin-Ma ko Kurfi ya san akwai ranar da dole ya juya ya fuskanci allo, don kada yara su ga dariya ta kama shi. Yaro ya tashi ya nufi ƙofa, malam ya tambaye shi ina za shi, sai ya amsa da "I am coming," alhali kuwa fita yake yi. Wani a tambaye shi labarin ƙwallon jiya, ya ce "We ate them two." Wata yarinya kuma ta toshe hanci ta ce "I am hearing smell."

Abin dariya ne, ba shakka. Amma wanda ya natsu zai ga babu ko ɗaya daga cikin yaran nan da ya yi shirme. Bahaushe in zai fita ya dawo, "ina zuwa" yake cewa. Da kalmar "ci" yake cin tuwo, ya ci kasuwa, ya ci jarrabawa, ya ci abokin karawa. Da kalmar "ji" yake jin magana, da wari, da yunwa, da sanyi. Watau yaron ya yi tunani daidai, sai dai rigar Turanci ya sa wa Hausa.

Haka abin yake wajen furuci. Hausa ba ta raba "p" da "f", saboda haka "pull" da "full" duk ɗaya ne a kunnen yaro, balle ɗan Katsina da ya saba ce wa fari "hwari". Harshensa kuma ba ya son baƙaƙe su cunkushe babu wasali, dalilin da ya sa kakanninsa suka samar da burodi da sukurudireba ke nan.

Inda dariyar ke zama illa shi ne in ta koma ba'a. Sanannen abu ne cewa a makarantu da yawa akan sa monita ya rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa, a ci shi tara ko a yi masa bulala. Yaron da aka yi wa ihu sau biyu, a na uku sai ya kulle bakinsa. Daga nan sai hadda ba fahimta, har ranar da zai zauna jarrabawar gama sakandare, inda rashin cin Turanci kan hana shi shiga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011 a ƙofar gidansu.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara, aka horar da malamai cikin gaggawa. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa, sa'an nan a koma Turanci. Tun 1970 ma Farfesa Babs Fafunwa ya soma wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, Turanci yana darasi guda, kuma ba a bar su baya a Turancin ba. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a yi firamare duka da harshen uwa, a 2025 kuma Ministan Ilmi ya sanar da soke wannan. To, ko wace manufa aka bi, yaron Kurfi da Hausarsa zai shigo aji, kuma da ita zai yi tunani.

Saboda haka ya kamata Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma ta ƙara himma wajen nuna wa ɗalibanta inda Hausa da Turanci suka raba hanya. Malamin da ya san dalilin "We ate them" zai yi dariya tare da yaron, ya rubuta jimlar a allo, ya nuna masa cewa Bature tuwo kaɗai yake ci, ba ya cin abokin wasa. Darasin da aka koya cikin raha ba ya saurin fita daga kai. Hedimastoci kuma su hana tarar nan da bulalar, domin ba a taɓa buga wa yaro harshe da sanda ya shiga ba.

Wanda ke ganin yaran nan daƙiƙai ne, ya saurari Baturen da ke koyon Hausa, wanda zai so ya ce aiki ya ƙare, ya ɓuge da kiran kare. Ana yi masa dariya, a gyara masa, a yaba ƙoƙarinsa. Ɗan aji uku ya fi shi cancantar wannan sassauci. Da koyo akan iya.