Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido

A gundumomin Madawa, Buza da Keita, babur ya zama jakin zamani. Shi ke kai albasa kasuwa, shi ke kai mara lafiya likita, shi ne kuma abincin ƴan kabu-kabu. Amma masu babura da yawa ba su kula da wani ƙaramin abu da ke kusa da matakin birki, wato makunnin fitilar baya. Wannan sakaci ne da ya kamata a daina.

Aikin makunnin ɗaya ne: in an taka birki, jar fitila ta kama, na baya ya rage gudu. Ga ƙananan babura, siririyar waya ce ke jan makunnin. Ƙurar hunturu takan toshe shi, ruwan damina yakan sa shi tsatsa. Daga nan ko fitila ta mutu, ko ta zauna kunne kullum. Duk biyun haɗari ne, domin direban babbar mota da ke gangarowa daga duwatsun Adar da dare ba ya da hanyar sanin na gabansa ya tsaya.

Wasu na cewa fitila ado ce, ba ita ke tsai da babur ba. Abin da ya faru a Amurka ya isa amsa. A shekarar 2011 kamfanin Harley-Davidson ya kira babura kusan 308,000 domin gyara. Zafin bututun hayaƙi yana lalata makunnin, man birki ya tsiyaye ta wurin, birkin baya ya daina ci. Gaskiya ne, yawancin baburan karkara birkinsu na sanda ne, ba na mai ba. Amma darasin yana nan: kamfani mai injiniyoyi bai raina makunni ba, balle talaka mai goyon mutum biyu da buhu.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna mutane wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma gwargwadon yawan jama'a, Afirka ce ta fi shan wahala.

Saboda haka wajibi ne kowa ya ɗauki nasa kaya. Mai babur ya taka birki kowace safiya, yaro ya duba masa fitila. Makaniki ya daina yanke waya yana cewa ba komi. Jandarmomi a shingen hanya su duba fitila da birki kamar yadda suke duba takardu, su sa a gyara kafin a wuce. Magadan gari da shugabannin ƴan kabu-kabu su sa wannan cikin sharuɗɗan tasha. Malaman yaƙi da jahilci su karanta wa ɗalibai wannan bayani.

Kuɗin makunni bai kai kuɗin ɗorin ƙashi ba. Rigakafi ya fi magani.